Ɗakin Silifas

Lahadi ce kaɗai ba na kwaɓa fulawa a gidan burodi, saboda haka ranar na kai Oma garin Holmsau. Oma kakata ce ta wajen uba, sunanta Waltraud, shekarunta tamanin da huɗu, idanunta sun yi hazo. Ranar Laraba za a kai ta gidan kula da tsofaffi, har an ɗaure kayanta a kwalaye. Abu ɗaya ta roƙa kafin nan: a kai ta tsohuwar fadar Holmsau, ta shiga ɗakin da ƙanenta Dietmar ya rasu. Babana ya ce bayansa na ciwo, gwaggona ta ce aiki. Ni kuwa ban taɓa iya ce wa Oma a'a ba.

Labarin na san shi kamar sunana. Bayan yaƙin duniya na biyu an koro su daga gabas, aka zuba iyali goma sha ɗaya a fadar, tana 'yar shekara shida. Sanyin hunturun farko ya tafi da jaririn, yana kan cinyarta, uwarsu ta tafi layin karɓar dankali. Da bazara aka ɗauke su zuwa wani gari, ba ta sake komawa ba.

Jirgin ƙasa biyu muka hau, sannan bas. Daga kasuwar garin zuwa ƙofar fadar hawa ne, duwatsun hanyar kamar bayan kunkuru. Kowane taku ashirin sai mun tsaya.

"Torben, ja kake yi ko riƙewa?" in ji Oma. "Ni ba buhun fulawa ba ce."

"Buhu ai ba ya mita, Oma."

"Rashin kunya dai ka gado wurin ubanka. Ba ni shayin nan."

Na zuba mata daga filas, ta kurɓa, ta ce ya huce, ta shanye.

Yanzu fadar gidan tarihi ce. Mai zagayawa da baƙi wata mata ce doguwa, Frau Rehbein, da tarin makullai a ƙugu. Mu tara ne. Ƙarfe biyu daidai ta tura mu wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa, matakala uku kawai daga tsakar gida. Benci ɗaya ne a ciki, sai wani ƙaton kwando cike da silifas ɗin ulu, irin manyan nan da ake zurawa a kan takalmi don kada a karce katakon daɓe.

"Kowa ya saka," in ji ta. "Daɓen nan ya girmi kakannin kowa."

"Bai girme ni da yawa ba," in ji Oma. "Na goge shi da gwiwoyina tun ba a haife ki ba, 'yar nan."

"To yau za ki goge shi da ƙafa, uwata."

Na durƙusa na zura mata. Ƙafafunta suka ɓace a ciki kamar ɓera a kwale-kwale.

Oma ba da ido za ta gane ɗakin ba, ta faɗa mini tun a jirgi. Akwai zoben ƙarfe a dashe a ƙasa, wanda kullum da safe sai ta yi tuntuɓe da shi. Ɗaki ne babba, ta ce, can sama, ana hawa matakala kafin a kai, tagarsa kuma ta fi mutum tsawo.

Muka hau. Matakala arba'in da biyu, na ƙirga, domin kowace ɗaya sai na ɗaga ta. A sama kowa ya shiga jan ƙafa, shuu, shuu, kamar agwagi a kan ƙanƙara. Wani mai ƙaton ciki ya sulale ya kama matarsa, aka yi dariya. Frau Rehbein tana ta bayanin wane yarima ya auri wace gimbiya, wane ne ya sayo agogon bango. Ni dai barci nake ji a tsaye. Oma kuwa ba ta saurare. Duk ɗakin da muka shiga sai ta ja ni gefen igiyar da aka gitta, tana lalube da ƙafa. Silifas ɗin sun yi kauri, ko da akwai zobe ba za ta ji ba. Kuma babu. Katako ne sumul ko'ina, yana ƙyalli.

A ɗaki na bakwai ta tsaya.

"Frau Rehbein, ina ɗakin 'yan gudun hijira? Mai zobe a ƙasa?"

Matar ta juya makullanta. "Na ji an ce an zaunar da mutane a nan bayan yaƙi. Amma tarihin da aka koya mini ya tsaya a kan yarima na ƙarshe. Shekara goma sha tara ina nan, ban taɓa ganin zobe ba."

"An cire ke nan," in ji mai ƙaton cikin. "Komai sai sun gyara."

Sauran ɗakuna biyar ɗin Oma ba ta ƙara laluben komai ba, sai nauyinta da ya ƙaru a hannuna. Da muka zo saukowa ta ce a hankali, "Na ɓata maka Lahadi, yaro."

"Da ma barci kawai zan yi."

"Shi na ɓata maka."

Muka koma ɗakin silifas a ƙarshen kowa. Mutane sun jefa nasu a kwando sun fice neman kofi da kek. Na zaunar da ita a benci, na cire mata silifas, sai na ga ƙafafunta sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse.

"Bari in kwance miki su ɗan sha iska."

"A gaban mutane? Safata ta huje."

"Ba kowa, Oma. Ni ne kawai, na kuma san hujin."

Na cire takalman. Kwandon ya tokare mini gwiwa, na sa kafaɗa na ture shi gefe don in sami wurin durƙuso. Oma ta miƙe ƙafa a kan dutsen daɓe, ta sauke numfashi saboda sanyinsa. Sai na ga babban yatsanta, wanda ya leƙo ta hujin safa, ya tsaya cak. Ya koma baya. Ya sake zuwa.

"Torben."

Na duba. A inda kwandon yake dā, cikin ƙura da gashin ulu, ga zoben ƙarfe, baƙi, kwance cikin ɗan raminsa.

Ta ɗaga kai tana duban hasken tagar. Tagar ba ta wuce faɗin tiren burodi biyu ba.

"Matakala nawa ne daga waje?"

"Uku."

"Uku," ta maimaita. "Da hannu da gwiwa nake hawansu in na ɗauko ruwa. Ashe ɗan ƙarami ne. Mu biyar muka kwana a nan."

Ta nuna kusurwar da ke bayan ƙofa, inda aka jingina tsintsiya. Nan murhu yake, ta ce. A nan take zaune da Dietmar. Ta ɗauka barci yake yi, har tana jin daɗi ya daina kuka, ta ƙi motsawa don kada ta tashe shi. Wannan ban taɓa ji ba. Duk shekarun nan labarin a layin dankali yake tsayawa.

Makullai suka yi ƙara. Frau Rehbein ta leƙo, bayanta masu zagayen ƙarfe uku sun yi layi.

"Ku yi haƙuri, lokaci ya..." Ta ga zoben. Ta ga ƙafar Oma a kansa.

Ta dubi agogon hannunta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sunkuya ta kama kwandon, ta jawo shi waje da baya da baya, tana nishi.

"Jama'a, yau a tsakar gida za a saka silifas," na ji tana cewa. "Iska na da kyau ga lafiya. Kai malam, ba a zaɓe, duk girmansu ɗaya."

Ta jawo mana ƙofa.

Oma ta ce in kai ta kusurwar. Na kawar da tsintsiya, na jawo bencin, ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya, tafin a sama. Ba ta yi kuka ba. Leɓunanta suna motsi, ban matsa don in ji ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, takalmanta a hannuna, ina jin shuu, shuu ɗin baƙi yana wucewa ta saman kanmu.

Can ta ce, "Bas ɗin ƙarfe nawa ne?"

"Huɗu da kwata. Akwai na biyar da kwata kuma."

"Na biyar ɗin," in ji ta. "Kai kuma rufe idonka, na ga kana tangaɗi tun a sama. Zan tashe ka."