Dutsen 'Yar Gwaggo Nuala

A ƙarshen gonar Kawu Festy, inda ƙasa ke gangarawa teku, akwai fili cike da ƙananan duwatsu marasa rubutu. Nan ake binne jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, tunda maƙabartar coci ba ta karɓarsu. Uba shi kaɗai ke kai gawar, ba a nuna wa uwa wurin, wai don kada ta riƙa zuwa kuka.

Matarsa, Gwaggo Nuala, ta haifi 'ya mace shekara hamsin da biyu da suka wuce, jaririyar ta rasu kafin a yi mata baftisma. Har yau ba ta san dutsen 'yar ba. Na taɓa tambayarta me ya hana ta tambayi mijinta, ta ce, "Ba a tambaya." Teku kuwa duk shekara sai ta ci taku ɗaya ko biyu na filin.

Da na dawo daga jami'a na ta da maganar a taron coci, na ce a kwashe ƙasusuwan tun ruwa bai kwashe su ba. Fada, limamin cocin, ya ce za a duba. Wani dattijo, Colie, ya ce, "To, 'yar boko ta dawo koya mana binne gawa." Aka yi dariya, aka koma zancen rufin zauren taro. Minti arba'in suka yi a kan rufi!

Na shiga gidan Gwaggo raina a ɓace. Kawu na gaban murhu, bargo a gwiwa. Tun bara hankalinsa ke zuwa yana tafiya.

"Kawu, tashi ka nuna mana."

"In nuna me, uwar rigima?"

"Dutsen 'yarka."

"Ƙyale shi, Sorcha," in ji Gwaggo. Amma har ta jawo takalmanta na roba.

Muka riƙe shi dama da hagu cikin yayyafi, tumaki na watsewa a gabanmu. Ya daɗe yana duban duwatsun, sannan ya nuna ɗaya. Gwaggo ta fara durƙusawa, sai ya girgiza kai.

"A'a. Gindin bishiyar ƙaya na sa ta, Nuala. Ina bishiyar?"

Ya juya yana nemanta can bayan gaɓa, inda yanzu babu komai sai ruwa.

Gwaggo ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe gwiwarta. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Kullum in na fito shanya nakan gaishe da filin nan gaba ɗaya, in ce tana ciki. Yanzu wa zan gaisar, Malama?"