Motar da Yaya Ya Goge

Yayana mai wankin mota ne, kuma ba ya cikin masu barin aiki a wurin aiki. In kuna tafiya a titi kana ba shi labari, rabin hankalinsa na kan motocin da ke wucewa: wannan da sabulun wanki aka cuce ta, waccan an bar ta ta bushe a rana. Tun tasowarmu ban taɓa ganin aljihunsa babu tsumma ba. Matarsa ta rantse ko ranar aurensu da shi ya je. Haka Babanmu yake, kuma shi ya bar masa wurin: fili a bakin hanya, rumfar kwano, tankin ruwa, da ramin da ake shiga a wanke ƙarƙashin mota.

Ni kuwa na daɗe da barin gida. Ina aikin wanki da guga a wani asibiti a ƙasar waje, a garin da ake yin babban baje kolin kayan mota duk shekara. Ban taɓa leƙawa ba, me ya haɗa kifi da kaska? Ranar da Yaya ya kira ya ce zai zo, dariya na yi, don mutumin nan bai taɓa kwana nesa da tankinsa ba. Da na ji bai taya ni dariyar ba, sai na nemi wuri na zauna.

Hukumar tsaftar muhalli ce ta dira masa. Sun ce ruwan wankinsa, mai ɗauke da baƙin mai da laka, ba zai ƙara gangarawa kwata ba. Ko ya kafa injin da ke tace ruwan a sake wanki da shi, ko su sa wa wurin kwaɗo in wa'adin da suka ba shi ya cika, kuma saura ƙiris ya cika. Sabon inji ba na irinmu ba ne. Amma ya ji labarin wani dillali mai sayar da tsofaffin da aka gyara, yana da guda ɗaya tak daidai ƙaramin wuri irin nasa. Dillalin ya ce shi ba ya ciniki ta waya. A same shi a rumfarsa ranar farko ta baje kolin, bayan azahar, a zo da ruwan wurin a gora ya gwada. Bai kuma ɓoye ba cewa akwai wani mai so, wanda ya riga zuwa shi ke da inji. Yaya ya sayar da motarsa ya hau jirgi.

"Zuwa da kai ya fi saƙo, Auta," in ji shi da na tarbe shi.

Ya rame. Yana sanye da rigar sanyin aro wadda hannunta ya yi masa tsawo, ya rungume jakar da gorar ruwan ke ciki kamar za a ƙwace masa.

Washegari na ɗauki hutu, muka fita da sassafe, don Yaya bai yarda da "akwai lokaci" ba. A ƙofa aka rataya mana kati a wuya, aka ce kada mu cire. Ɗakin baje kolin kuwa, za a zuba unguwarmu a ciki a samu saura. Fitilu ta ko'ina, ƙasa shimfiɗe da kafet, iska duk warin sabuwar roba. Ga masu taya, ga masu batir, ga wasu da ba su sayar da komai sai turaren mota. Muka tsaya gaban wani inji mai manyan burusoshi yana wanke mota shi kaɗai, ba mutum ko ɗaya kusa da shi. Yaya ya daɗe yana kallo, hannu a baya.

"Ga magajinka nan, Yaya," na ce.

"Wannan? Bai shiga bayan madubi ba. Je ki duba."

Ban je ba. Na san ko ya shiga, sai Yaya ya samo wani lungun da bai shiga ba.

Rumfar dillalin tana wani ɗakin dabam, kuma taswirar da aka ba mu ta fi ɓatar da mutum. Na ce bari in je in tambayo hanya, in haɗo mana da shayi. Daidai nan akwai wata mota a kan ɗan dandamali, ba igiya ba shinge, mutane na shiga suna fita suna ɗaukar hoto. Baƙa ce, amma ba ta sheƙi ko kaɗan, dushi-dushi kamar gawayi. Na ji Yaya ya yi tsaki.

"Mota sabuwa fil, a bari fentinta ya mutu haka? Ba su ji kunyar kawo ta gaban jama'a ba?"

"Ba ruwanka dai. Ka tsaya nan, kada ka motsa," na ce masa.

Bai motsa ba, wannan kam na shaide shi.

Layin shayi ya yi tsawo. Da na dawo riƙe da kofuna biyu, sai na hango mutane sun yi da'ira, wayoyi a sama. Na kutsa. Yaya na tsugune a gindin ƙofar motar, ya tuɓe rigar sanyin ya ninke ta a gefe, gwangwanin man goge fentinsa a buɗe kusa da ƙafarsa. Daga gida ya zo da shi, wai don ya gwada da nasu. A jikin baƙar ƙofar nan akwai wuri mai faɗin faranti yana ƙyalli, har kana ganin fitilun sama a ciki. Wata mata mai rigar kamfanin motar tana tsaye a kansa, ta dafe kai da hannu biyu tana ta magana, shi kuma yana ɗaga mata hannu yana murmushi.

"Yauwa, Auta, gaya mata ta kwantar da hankalinta," ya ce da ya gan ni. "Wani ne ya dafa da hannun maiƙo, na goge. Ashe fentin bai mutu ba, ga shi yana dawowa. In ta ba ni ɗan lokaci zan gama mata ƙofar."

Matar ta juyo kaina da ta gane ina jin yarensu. Na saurare ta har ta gama, shayi na ƙona min yatsu. Sannan dole ni ce zan faɗa masa, da bakina.

"Yaya, ajiye tsumman. Da gangan aka yi fentin haka. Ba a goge shi da mai. In ya yi sheƙi, ba ya komawa."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar.

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Mutum ya biya a kashe masa fenti?"

Sai ga masu gadi sun iso.

Wani ƙaramin ɗaki suka kai mu a bayan rumfuna, inda kafet ya ƙare siminti ya fara. Tebur ɗaya, kujerun roba, kwalaye jibge a kusurwa. Suka ce mu jira babban jami'in kamfanin motar. Na ce muna da alkawari da wani bayan azahar, su bar ni ni kaɗai in je in dawo. Suka ce ba mai fita sai an gama, ni ce mai fassara. Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Na kira dillalin, wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka, wa zai ji waya a cikin wannan hayaniya? Yaya kuwa ya zauna. Ya ɗora jakarsa a cinya, yana kallon yatsunsa da man ya yi wa baƙi.

Da jami'in ya zo, rana ta riga ta juya. Na so a ce ya yi mana ihu, da na samu wanda zan rama a kansa. Amma a hankali ya yi magana, kamar likita. Ya ce motar ita kaɗai suka kawo, sai an sake fentin gefen gaba ɗaya, yau kam sai dai su lulluɓe ta. Ya ce inshora za ta ɗauki asarar, ba za su kira 'yan sanda ba, ya ga alama ba da mugunta aka yi ba. Sai dai masu baje kolin suna da doka: wanda ya ɓata kayan nuni, an sallame shi har a tashi, shi da wanda ya zo da shi.

Na ba shi labarin wurin wankin, da hukumar, da injin. Na ce a haɗa mu da mai gadi ya raka mu rumfar dillalin, mu yi magana a tsaye mu fita. Ya ce ya tausaya, amma ba a hannunsa abin yake ba. Mai gadi ya zare katin daga wuyana. Yaya da kansa ya cire nasa, ya miƙa da hannu biyu, har da cewa in ba su haƙuri.

Ta ƙofar masu sauke kaya aka fitar da mu. Muka tsaya tsakanin manyan motoci, iska mai sanyi na kaɗawa. A nan dillalin ya ɗauki waya. Ya ce ya jira mu, bai gan mu ba, ɗayan ya zo da ruwansa, an gwada, sun tafa. Na ce ko akwai wani injin? Ya ce irin wannan ƙaramin sai ya shekara bai samu ba. Ya yi mana fatan alheri ya kashe.

Nan fa na sauke wa Yaya kwandon masifar da na ɗauko tun daga ɗakin. Ban rage komai ba.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce maka motarka ce? Ka ƙetare ƙasa da ƙasa, ka sayar da abin hawanka, ma'aikatanka na can sun zuba maka ido, kai kana nan kana aikin da ba a sa ka ba! Garin gyaran gira ka tsone mana ido. Tsayuwa kawai na ce ka yi, Yaya, tsayuwa! Ko akuya aka ɗaure ta iya wannan!"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Shi ya goya ni, shi ya raka ni makaranta. Na jira ya tsawata min, wallahi da ya yi da na ji sanyi. Sai ya zauna a bakin dakali, ya sa jakar tsakanin ƙafafunsa.

"Shatin hannu ne, yatsu biyar, a tsakiyar ƙofa," ya ce a hankali. "Kowa na wucewa yana gani. Na kau da kai, Auta. Na sake kau da kai."

Fushina ya tafi ya bar ni da tausayi, kuma tausayin ya fi ciwo. Na zauna kusa da shi. Sai a lokacin na lura rigar sanyin tana can ciki inda ya ninke ta, jikinsa na ɓari. Na yafa masa mayafina, bai ma san na yi ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Kawu ne, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin wankin. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, tare da Babanmu suka haƙa ramin nan, shi ya sa muke kiransa haka. Na ce kada ya ɗauka yanzu, ya bari sai mun isa gida mun san abin faɗa. Ya ɗauka. Kawu ba ya ji sosai, don haka da ƙarfi yake magana, ina jin komai, har da ƙarar ruwa na dukan kwano a bayansa.

"Maigida! Ya hanya? Mu fa mun share gefen tanki, mun kwashe tsofaffin tayoyin nan, wuri ya samu. Ka ga injin?"

"Ban gan shi ba, Kawu."

"Sai gobe ke nan?"

"Babu gobe. Wani ya saya. Ka tara mutane ka faɗa musu. Kowa ya fara neman inda zai kama. Kada su jira ni."

Ƙarar ruwan ta tsaya. Ina jin wani ne ya rufe famfo.

"Innalillahi. Me ya faru? Jirgi ne ya makara?"

"A'a. Korata aka yi daga wurin."

"Kora? Kai? Me ka yi musu?"

Na miƙa hannu in karɓi wayar in yi bayani, Yaya ya kauce.

"Mota na goge, Kawu."

Sannan muryar dattijon ta dawo, a ƙasa wannan karon, cike da ruɗewa.

"To, ba ta fita ba ne?"

Yaya ya kifa wayar a cinyarsa, ya rufe fuska da baƙaƙen yatsunsa. Kawu na can yana ta kiran "Maigida, Maigida."