Rezar Baba Ba Ta Dakushewa

Duk wanda ya taɓa kawo ɗinki shagon Baba ya sha labarin rezarsa, ko ya so ko bai so ba. Yana auna maka kafaɗa, fensir a bayan kunne, sai ya shafa haɓarsa ya ce, "Ka ga wannan? Reza ɗaya ce, tun kafin a haifi Auta." Autar kuwa ni ce, ga ni har da 'ya'ya biyu. Mutane su riƙe baki su ce ikon Allah, shi kuma ya ƙara da cewa ai ba reza ke aski ba, hannu ne.

Yana da ƙa'idarsa, kuma ba ya ketare ta. Abin askinsa na ƙarfe ne, irin wanda ake murɗe gindinsa ya buɗe a sa reza a ciki. Idan ya gama, sai ya ɗauraye shi, ya goga bakin a tafin hannunsa sama da ƙasa, wai yana wasa shi, ya hura masa iska, ya ajiye a kan tagar banɗaki kusa da sabulu. Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shagon ya gwada wannan dabara, ya zo da fuska kamar kaza ta yi tono a kai. Baba ya dube shi ya ce, "Hannu, malam. Na faɗa maka hannu ne."

Hannu ne kam, amma na Umma. Ni na sha ganinta. Da ya sa ƙafa ya fita, sai ta shiga banɗakin ta gwada rezar a gashin hannunta. In ta ji tana ja, ta murɗe ta cire, ta sa sabuwa daga cikin gwangwanin da take ajiye allurai. Ranar da na fara kama ta, ta ɗora yatsa a baki. "Kul! Namijin da ba shi da abin alfahari sai ya nemo wani, kuma ba lallai ya nemo mai araha irin wannan ba."

Da Umma ta rasu, reza ta fara nuna halinta. Da farko ƙuraje ne suka feso masa a wuya. Daga nan sai yanka, yau a haɓa, gobe a ƙasan kunne. Baba ya riƙa fitowa shago da ɗigon auduga manne a fuska, ga gashi tsibi-tsibi a inda rezar ta tsallake. Mai gyaran agogo, da ya daɗe yana jiran wannan rana, sai ya leƙo ya ce, "Tela, yaya hannu?" Baba bai ko ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba.

Sai Yaya ya shigo maganar. Yayanmu mutum ne mai son yanke hukunci, ko ruwa zai sha sai ya yi shawara da kansa da babbar murya. Ya kira ni gefe ya ce, "Auta, kin ga fuskar Baba? Hannunsa ya fara rawa. Wanda ya kasa aske gemunsa ne zai riƙe almakashi a kan yadin mutane? Ranar Asabar zan zo. In na same shi haka, a rufe shagon nan ya dawo wurina ya huta."

Ya huta! Baba da in ka raba shi da ƙarar keke, ka kashe shi ne kawai ba ka binne ba. A gidan Yaya me zai yi, ya zauna a falo yana canja tasha? Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na tuna Yaya ba ya riƙe magana. Kafin la'asar duk layin ya ji, mai gyaran agogo kuma ya samu abin dariya har ƙarshen rayuwarsa.

Na gwada ta lalama. Na je na tarar da Baba yana guga, na ce, "Baba, ko a sayo maka sabuwar reza?"

"Me ya sami tawa?"

"Ai komai yana tsufa."

"Ke ma za ki tsufa, ba wanda zai canja ki." Ya ci gaba da gugarsa.

To, ni ma 'yar Umma ce. Ranar Asabar da safe na riga shi shiga banɗakin, na ce hannu zan wanke. Gwangwanin allurai na nan inda ta bar shi, da sauran reza a ciki. Na murɗe abin askin, tsohuwar ta fito duk tsatsa, bakinta kamar na cokali. Na naɗe ta a takarda na jefa a kwandon shara na bayan gida, na sa sabuwa, na fito ina jin kaina wata mai wayo.

Baba ya shiga. Na ji ƙarar ruwa, sai shiru, shirun ya yi tsawo har na fara tsarguwa. Can ya fito fuska sumul, ko ƙwarzane babu. Na bi shi shago, Yaya ya iso ya dube shi sama da ƙasa, ya sa shi ya yanka yadi a gabansa, almakashi ya tafi ɗoɗar kan layin alli. Sai Yaya ya gyara murya ya ce dama shi ya san gajiya ce kawai, ya shiga motarsa ya tafi da hukuncinsa. Na ji kamar in yi guɗa.

Motar na shan kwana Baba ya ajiye almakashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kin murɗe abin askin da ƙarfi. Uwarki ba ta kai shi ƙarshe, tana barin ɗan sassauci."

Na tsaya baki buɗe. "Dama ka sani?"

"Ni da nake gane yadi da ido a rufe, sabuwar reza ce ba zan gane a fuskata ba? Tana jin daɗin ta yi mini wayo, ni kuma ina jin daɗin in ji tana dariya a kicin in na fara cika baki. Wa aka cuta?" Ya shafa haɓarsa, bai dube ni ba. "Waccan ita ce ta ƙarshe da ta sa da hannunta. Ina kika kai ta?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa kwandon shara, muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rufe shagon da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, muka koma gida yana gaba ina binsa. Ya tsuguna gaban kwandon da fararen kayansa, ya naɗe hannun riga, ya fara tono cikin ɓawon albasa da ganyen shayi. Na ce ya bari ni in duba, ya ce in matsa. Ina tsaye hawaye na zuba, ina jin haushin kaina, ina jin haushin Umma da ba ta gaya mini rabin labarin ba, don ita ma rabin ta sani.

Sai ya ce "Wash!" ya zaro hannu. Takardar ta warware, rezar na tsakanin yatsunsa, jini na bin babban yatsan da yake tura yadi da shi. Rezar da ta kasa cin gashi ta sami nama. Na ruga zan ɗauko auduga, ya tsayar da ni, ya ɗaga yatsan sama yana kallonsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja amma bakinsa na murmushi.

"Kin gani ko?" ya ce. "Wa ya ce ta mutu? Har yanzu tana ci."