Baftisma a Bahon Wanka

"Ƙara ruwan," in ji Fasto.

Matarsa, Mama, ta dube shi, ta dubi bahon wankan, sannan ta dubi mutumin da ke tsaye a bakin banɗakin yana murza hannuwa. Direba ne, shi ke jan bas ɗin da ke bi ta gaban asibiti, kuma Allah bai yi masa rowar jiki ba. In ya tsaya a ƙofa, ko kyanwa ba ta samun wurin wucewa. Bahon kuwa irin na gidan haya ne, wanda ko ita da take 'yar firit sai ta naɗe ƙafa take shiga.

"Baban yara, ya kusa kawowa baki fa," ta ce da harshensu na gida, ƙasa-ƙasa.

"Ƙara dai. In gwiwarsa ta leƙo waje, me muka yi ke nan?"

Ta murɗa famfon. Ta san a kan wannan magana mijinta ba ya jin kira. Ikilisiyar da ta aiko su ba ta san yayyafi ba. A wurinsu baftisma nutsewa ce, daga tafin ƙafa har tsakar ka, kuma Fasto ya yi rabin rayuwarsa yana nutsar da mutane a rafi, jama'a na waƙa a bakin ruwa. Amma can gida ke nan. Nan ƙasar mutane ce. A idon hukuma shi mai gyaran na'urorin asibiti ne, ita kuma matar da ta biyo mijinta. Doka ta hana baƙo wa'azi, ta kuma hana ɗan ƙasa bin addinin da baƙo ya shigo da shi. Baƙon da aka kama, jirgi za a sa shi a mai da shi inda ya fito. Ɗan ƙasa kuwa babu jirgin da zai ɗauke shi. Aikinsa ne zai fara tafiya, sannan a wuce da shi inda iyali ba sa samun ganinsa.

Abin da ya hana Mama sakat duk makon ke nan. Ta san matar Direba, ta san 'ya'yansa mata ƙanana masu rugowa su rungume ta in sun gan ta a kasuwa. Ta roƙi Fasto a dakata, ya ce mutumin ya daɗe yana roƙo, wane ne shi da zai hana shi ruwa. Sai aka zaɓi hantsin Asabar, lokacin da kowane gida a benen ke wanki. Ta kunna injin wankinsu babu ko safa a ciki, don dai ƙararsa ta haɗiye muryoyinsu.

Direba ya cire takalmi. Da tsohuwar riga da wando ya zo, na canzawa suna cikin leda. Ya sa ƙafa ɗaya a bahon, ya sa ta biyu, ya zauna a hankali yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke.

Ruwan ya taso ya zubo ta kowane gefe.

"Baban yara!"

Ina, Fasto ya riga ya rufe ido ya ɗaga hannu. Shi kuwa in ya kama addu'a, ko gobara ce ta tashi sai ya kai amin. Mama ta warto tawul ta jefa a ƙasa, ta ƙara wani, ta cire ɗankwalinta ta cusa a ƙarƙashin ƙofa. Ɗan ramin da ke tsakiyar banɗakin yana shan ruwan a hankali kamar marar lafiya. Sauran ya gangara ƙarƙashin bahon, inda tayil ya daɗe da tsagewa, ya ɓace. Tana gani, ta kuma san inda ya nufa.

Fasto ya buɗe ido, ya yi wa Direba tambayoyin da ake yi, shi kuma ya amsa. Fasto ya tallafi ƙeyarsa ya kwantar da shi. Gwiwoyi biyu suka taso sama. Ya danna gwiwoyin, kai ya taso. Kowane motsi kuma sai wani ruwan ya zubo.

"Ɗan ƙara kaɗan," in ji Fasto yana haki.

Ba ta kai ga amsawa ba suka ji bugu daga ƙarƙashin ƙafafunsu, ana dukan silin da sanda. Su ukun suka yi tsit. Injin wanki kaɗai ke ta surutunsa. Bugun ya tsaya, aka buɗe wata ƙofa a ƙasa, muryar mace ta cika matakala tana kiran mai kula da benen.

Mama ta gane muryar. Tsohuwar da ke ƙasa da su ce, wadda ba ta da aiki sai zaman taga tana ƙirga masu shiga da fita. Mai kula da benen kuwa, wanda Mama ta laƙaba wa Sarkin Makullai saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa, shi ne ke kai wa ofishin unguwa rahoton abin da baƙin gidan ke ciki.

"Fito!" ta ce wa Direba. Ta tsoma hannu ta fizge robar da ta toshe bahon. Ruwan ya kama wucewa da gurnani, kamar da gayya. Ta sure Littafi Mai Tsarki daga kan kujera ta binne shi a kwandon kayan datti. Ta dubi Direba, ruwa na tsiyaya daga rigarsa, ta dubi ɗakunansu biyu. Babu kabad ɗin da zai ci wannan mutumin.

An fara buga ƙofa. Tana jin makullai na kaɗawa.

Ta ruga ta jawo jakar aikin Fasto, ta zaro sifana ta danƙa wa Direba. "Kwanta ƙarƙashin famfon wanke hannu. Kai mai gyara ne, ka ji ko? Kada ka ɗago." Ta juya ga mijinta da harshen gida. "Kai kuma don girman Allah kada ka ce uffan. Na san ba za ka yi ƙarya ba, to ka bar mini."

Fasto ya yi tsuru-tsuru, hannun farar rigarsa jiƙe har kafaɗa. Tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin idonsa haka ba, kuma wannan ya fi bugun ƙofar tsorata ta.

Ta buɗe. Tsohuwar ce a gaba, riƙe da sandar tsintsiya, ta shigo ba tare da an ce ta shigo ba.

"Ruwa a kan gadona! A kan hoton mijina! Rafi kuka buɗe a nan?"

"Yi haƙuri, Iya, don Allah yi haƙuri," in ji Mama. Harshen ƙasar da ta sha wuya kafin ta koya ya nemi guje mata, tana kamo kalmomin ɗaya-ɗaya. "Bututu ne. Ya fashe. Mun kira mai gyara, yana ciki."

"Da can ba ku san da mai gyara ba sai da kuka jiƙa ni? Ni dai na faɗa tun ranar da aka ba ku gidan nan!"

Sarkin Makullai ya shigo a bayanta. Siririn dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, kuma Mama ta fi tsoron irinsu. Ya gaida Fasto da kai, ya tsallake tawul ɗin da ke kwance a hanya, ya tsaya a bakin banɗakin. Direba na kwance rigingine, kansa a ƙarƙashin famfo, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana ba ji ba gani.

"Wane bututun ne?" in ji dattijon.

"Wancan," in ji Mama, ta nuna ba tare da ta san abin da ta nuna ba.

Ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shafa bututun da tafin hannu, ya duba hannun. A bushe yake. Ya dubi bahon, inda sauran ruwa ke juyawa yana shigewa, ya dubi takalman da aka jera a gefe da ledar kaya a kansu. Mama na tsaye a bayansa. Ta fara addu'a a ranta, ta kasa wuce kalmar farko.

"Malam mai gyara," in ji shi, "fito mu gaisa mana."

Direba ya jawo jikinsa waje ya zauna. Ruwa na ɗiga daga ƙeyarsa, rigar ta manne masa gaba da baya. Dattijon ya gyara tabarau ya ƙura masa ido, har Mama ta ji kamar shekara ta wuce.

"Ba kai ke jan bas ɗin safe ba? Mai bi ta asibiti?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Na ce na san fuskar. Kai ne ke jira na in ka hango ni ina ɗingishi." Ya dubi sifanar da ke hannunsa, 'yar ƙarama ta gyaran na'ura, wadda ko goron famfo ba za ta kama ba. "Ashe kana taɓa famfo ma."

"In ta kama, yallaɓai."

"In ta kama," dattijon ya maimaita.

Tsohuwar ta leƙo ta gefen kafaɗarsa. "Me ya ce? Wa zai biya ni silin ɗina? Shi wannan gyara ya zo yi ko wanka?"

Babu wanda ya yi dariya. Sarkin Makullai ya dafa bakin bahon ya miƙe. "Mu je, Iya. Zan turo mai fenti, su za su biya." Ya tasa ta gaba tana ta mita, tana waiwayen Direba. A bakin ƙofa ya bar ta ta fara sauka, ya juyo. Ba Fasto ya duba ba, Mama ya duba.

"Uwargida, ranar Litinin nake zuwa ofis. In an yi ɓarna a gida, sai na faɗi abin da ya jawo ta."

"Bututu ne, yallaɓai," ta ce.

"Haka kika ce." Ya gyara damin makullansa. "Ban san abin da ni zan ce ba tukuna."

Ya sauka, makullansa na kaɗawa har suka daina jin su. Mama ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Ta juya maganar ta kowace fuska. Gargaɗi ne? Tausayi ne? Ko wani abu yake so a miƙa masa? Ta kasa ganewa. Abin da ta sani shi ne ya ga komai, ya kuma san fuskar da zai nuna.

Idonta ya kai kan akwatin da ke saman kabad, inda fasfonsu yake. Ta kama kanta tana lissafin abin da za ta ɗauka da wanda za ta bari, da yadda 'ya'yansu da ke makaranta a gida za su yi murnar ganinsu. Kunya ta rufe ta. Su suna da inda za su. Mutumin da ke zaune a ƙasan banɗakinta kuwa jibi da safe zai buɗe ƙofar bas, dattijon nan ya hau.

Ta tarar da Fasto zaune a bakin bahon.

"Ɗan'uwa, ka yafe mini," yake cewa. "Ni na jawo maka. Matata ta faɗa mini, ban ji ba. Canza kayanka ka bi ta matakalar baya. Kada ka sake zuwa nan. In an tambaye ka, ka ce aiki muka kira ka, ba ka san mu ba."

Direba ya ajiye sifanar a hankali. Bai taɓa ledar kayansa ba.

"Fasto, tambaya ɗaya. Ya yiwu ko bai yiwu ba?"

"Me?"

"Baftismar."

Mama ta dubi mijinta, tana roƙonsa da ido ya ce ta yiwu, mutumin nan ya tashi ya tafi tun hanya na buɗe. Fasto ya sunkuyar da kai.

"Kanka bai shiga ba," ya ce. "Ban kuma kai ga ambaton sunan Allah a kanka ba."

Direba ya gyaɗa kai. Shi ma tsoron yake ji, Mama ta gani a leɓensa.

"To, Fasto, an riga an gan ni. In na fita ta baya, ba zai manta fuskata ba. In za su zo gidana ranar Litinin su ɗauke ni a gaban 'ya'yana, kada ya zama a kan abin da ban ma samu ba." Ya dubi Mama. "Mama, zan kwanta ta gefe in naɗe ƙafa. Rabin baho ya isa, ba zai zuba ba."

"Suna ƙasa," ta ce. "In na buɗe famfon nan, duk benen zai ji ruwa na tafiya a bututu."

"Na sani, Mama."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta so ta yi masa faɗa, ta tuna masa matarsa, ta tura shi waje da hannunta. Daga ƙasa muryar tsohuwar na tasowa, tana ba wata maƙwabciya labari. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen tayil, ta lalubo robar a bayan bokiti. Da farko ta kuskure ramin. Ta sake gwadawa, ta danna ta da tafin hannu har ta zauna.

"Tashi, Baban yara," ta ce, ta murɗa famfon.