Maɓallan Inna Sun Yi Shiru

…kuma ai sai da kwamfutar ta tambaye ta, ba za ta yi mata sharri ba. "Za a cire ƙunshin manhaja arba'in da uku. A ci gaba?" Ita ce ta danna e, hannu ɗaya a kan madannai, ɗaya riƙe da kofin maganin Inna. Wa yake tsayawa karanta wannan dogon jerin, fisabilillahi? Wata da watanni saƙon sabuntawa yana leƙowa ta kusurwar allo kamar maƙwabcin da bai san zuru ba, yau da hantsi ta ce bari ta sallame shi ta huta.

Ta kuwa sallame shi, har da muryar mijinta.

Inna, uwar mijin, tana nan bayanta a keken marasa lafiya. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗan nata ne ya zauna ya haɗa mata 'yar manhaja, maɓalli shida, kowanne da muryarsa. Ruwa. Bayan gida. Ina jin zafi. Juya ni. Na gode. Na shidan kuwa tsokana ce zalla — "Ku rabu da ni, kun ishe ni" — shi Inna ta fi so, ta danna tana dariya da rabin baki. Har ya ɗora manhajar a rumbun manhajoji na intanet da kowa ke ɗiba kyauta, wai ko wani mai irin lalurar zai amfana. Shi dai da kyauta… Wata tara yau da rasuwarsa, amma kullum sai an ji shi a ɗakin nan yana neman ruwa.

Ta buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ji take kamar yana tsaye a kanta, ƙanshin sabulunsa, "a hankali, malama, karanta kafin ki danna"… Ta rubuta a maido. Babu ƙunshi mai wannan suna. Kamar ya babu? Jiya-jiyan nan fa!

Ta tono tsohon kwafi can cikin na'urar, zuciyarta har ta yi sanyi. Ina! Wai yana buƙatar manhajar sauti siga ta biyu, ita kuma yanzu siga ta uku gare ta. To a koma ta biyun. Sai an cire wasu ɗari da sittin, har da abin da ke kunna allon. Wannan ya riƙe wancan, wancan ya ƙi ganin wannan, kowa da sharaɗinsa kamar dangi a wurin sulhu — muryar kuwa ga ta nan a ciki, tana ganin sunayen, ruwa, zafi, an ƙulle su an hana ta.

Ƙwas. Ƙwas. Inna ce take danna maɓalli. Wanne? Na biyu ko na uku? Ta kasa juyowa, wallahi kunya take ji, kunya da baƙin ciki. Me za ta ce mata? Na sake kashe miki ɗa?

Ta shiga shafin rumbun, ko da wanda za a roƙa. Ga sunan manhajar, an ja masa layi. An cire: mai kula da ita ba ya amsa saƙo. A ƙasa, wasiƙu uku zuwa ga mijinta daga wani baƙo can wata duniya, da ladabinsa. Kana nan? Muna fatan lafiya. Layi ɗaya ka rubuto, ko wani naka ya rubuto, za mu nemo mai gyara ta. Wasiƙar ƙarshe wata biyu ke nan da aiko ta.

Ko wani naka…

Wayar mijinta duk saƙonnin suka je. Wayar da ta kashe da hannunta ranar uku, ta naɗe a rigarsa ta tura ƙasan akwati, don ba za ta iya jin tana ƙara ba shi ba ya nan. Layi ɗaya kawai suka nema.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas…

"Inna, ruwa ne?"