Sha ɗaya, ba sha biyu ba

Ƙarfen da tayar keken guragun Mama ke juyawa a kai ne ya karye, tun daga ranar ba ta sake leƙa ƙofar gida ba. Matar da ba ta da aiki sai zama a bakin titi tana yi wa masu wucewa tsiya, ga ta a ɗaki tana kallon silin. Abin ya tsaya mini a rai.

Ni aikina zanen kayan inji a kwamfuta, don haka na kwance guntun ƙarfen na tafi da shi ofis na auna. Tiredinsa, wato haƙoran da ke murɗawa cikin ramin jikin keken, milimita sha ɗaya ne. Na buɗe manhajar zane, ga goma, ga sha biyu, sha ɗaya kuwa ko sama ko ƙasa. Wai a wajen waɗanda suka rubuta ta babu irin wannan girman a duniya, alhali ga shi a tafin hannuna yana shafa mini baƙin mai.

Na kira Yaya, babban wanmu, na yi masa bayani. Ya ce in daina wahalar da kaina, a faɗaɗa ramin kawai a sa sha biyu, ana samunsa a kowane shago. Na ce masa bututun da ramin yake jiki siriri ne, ba shi da naman da zai ɗauki huda, yana taɓa shi zai tsage. Ya yi dariyar nan tasa da ke sa ni jin kamar in jefar da wayar.

"Auta, ke komai sai kin sa masa boko."

"Yaya, don Allah kar ka taɓa keken nan. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji.

Manhajar tana ɗauko girman tiredi ne daga wani fayil da aka binne can cikin kwamfuta, kuma a kulle yake. Mai kula da kwamfutocinmu ya ja mini rai son ransa, ya ce ba a taɓa yi ba, in ta lalace ba ruwansa. Na tsaya a kansa har ya gaji da ganina ya buɗe. Na kwafi layin goma, na canza faɗi, na canza tazarar haƙora, na lissafa zurfinsu da hannu. Na sake kunna manhajar, ta yi kamar ba ta san zancen ba. Ashe waƙafi na sa inda take son ɗigo. Waƙafi ɗaya tak ya cinye mini wuni, har abincin rana ban ci ba, wanda ya yi mini magana kuwa ya sha masifa.

Da sha ɗaya ya fito a jerin, sai da na buga tebur. Mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka mini sabon ƙarfen washegari, na gwada da tsohon noti, ya shige sumul. Na kira Mama na ce ta shirya, yau za ta ga titi.

Na tarar da keken a kife a tsakar gida, garin ƙarfe a warwatse a ƙasa, injin huda a gefe. Yaya yana tsaye yana goge hannu, ya ƙi haɗa ido da ni. Wai ya ga na daɗe, wai taimako ya so yi. Bututun ya tsage daga bakin ramin har wajen walda.

Na zura ƙarfena duk da haka, ban ma san dalili ba. Ya wuce ta ramin ya faɗi a siminti. Na faɗa wa Yaya maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. 

Na shiga ɗaki. Mama na zaune a bakin gado, ta canza kaya, ta fesa turare, har ta sa an saka mata takalman fita. Ta ji komai ta taga. Ta dubi hannuna, ta dubi ƙafafunta.

"Auta, zo ki cire mini takalman nan, sun matse ni."