Hoton da Ke Bayan Motar Amaq Yuni

Mahyuni ta bar karatun likita saura shekara guda ta gama. Ba korarta aka yi ba, ba kuma jarrabawa ta faɗi ba. Da ƙafarta ta je wurin malamanta a birnin Mataram ta ce ba za ta iya ci gaba ba, a ba ta hutu. Suka ba ta. Ta ɗauko jaka ɗaya ta hau motar haya ta dawo ƙauye.

Ubanta direban babbar mota ne, albasa yake kwasowa daga duwatsun Sembalun ya kai bakin teku. Tun ranar da aka haife ta sunansa na yanka ya ɓace, kowa Amaq Yuni yake ce masa, wato Baban Yuni, uwar kuma Inaq Yuni. Amma direbobi sun ƙara masa wani sunan, Baban Likita, kuma shi ya jawo wa kansa. Ranar da aka sa wa yarinyar farar riga a makaranta, ya kai motarsa wurin mai fenti. Wasu direbobin mawaƙiya suke sa a zana musu a ƙyauren baya, wasu damisa, wasu su rubuta wa tsohuwar budurwa habaici. Shi 'yarsa ya sa aka zana, ta fi mutum tsayi, tana murmushi, abin awon ƙirji rataye a wuyanta. A ƙasa aka rubuta Likita Mahyuni.

Da ta gani ta ce, "Amaq, ai ban zama ba tukuna."

Ya ce, "Fenti zai jira ki. Ba ya sauri."

To, ga ta ta dawo. Ya shigo daga hanya ya same ta zaune a gaban shinkafa tana juya ta da cokali. Ta rame, idanun sun faɗa, mayafin ya yi wa fuskar yawa.

"Hutu aka yi?"

"Ni na karɓa, Amaq."

"Ciwo kike yi?"

"Ban sani ba. Rannan wata mata ta kawo ɗanta yana suma. Ta riƙe mini riga tana kuka. Ka san abin da ke raina? Ina ma ta sake ni in samu wuri in zauna. Ban ji komai ba, wallahi. Kamar buhun albasa aka ajiye a gabana."

"Yaron ya rayu?"

"Ya rayu. Babban likita ya zo."

"To mene ne abin damuwa?"

"Ban san ko ina son aikin nan ba. Tun ina ƙarama ake ce mini likita, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba."

Amaq Yuni ya yi dariya. "So? Wa ya tambaye ni ko ina son albasa? Gajiya ce kawai. Ki ci, ki yi barci, ki koma."

Shi a wurinsa magana ta ƙare. Duk wanda ya tambaya, cewa yake an ba su hutu.

A tsakar gidansa akwai berugak, rumfar katako mai daɓen gora wadda ake tarbar baƙi a kai. Kowane gida yana da tasa, amma ta Amaq Yuni ta fi ta kowa cika, kuma yana ji da wannan fiye da motarsa. Dokar rumfa ɗaya ce. Wanda ya tuɓe takalmi ya hau, sai an ajiye masa kofi kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, kuma ba a ce masa ya tashi, ko da maƙiyi ne.

Labari ya zaga cewa likita na gida. Washegari tun kafin kaji su watse rumfa ta cika. Wanda ya fara hawa shi ne yayan maigidan, Tuan Haji Sapoan, ya naɗe hannun riga yana jira a auna masa jini. Bayansa tsofaffi masu ciwon gwiwa, da mata masu goyo, da wani da ya zo da ledar magungunan surukarsa a duba masa. Amaq Yuni da kansa yake ƙwala kira.

"Yuni! Fito, baffanki ya iso!"

Ta fito tana murmushi. Ta auna, ta duba, ta ce wa kowa ya je ƙaramin asibitin da ke bakin kasuwa, ita ɗaliba ce.

Tuan Haji ya ce, "Ji ta da kunya! Mu da muka ci naman sunanki za ki tura layi? Ai mun huta da layi, yarinya."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Haka kullum. Idan uban ya tafi hanya, rumfar ba ta rasa mutane, domin Tuan Haji ya mai da ita ofishinsa, har daga ƙauyen gaba yake gayyato abokansa.

Inaq Yuni ce ta tare mijin a bakin rijiya. "Kai kaɗai ne makaho a gidan nan. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa. Jin motsin takalmi a tsakar gida kawai, sai ka ga jikinta na ɓari."

"To in yi yaya? In kori mutane daga rumfa? A ce me a gari?"

"A ce abin da za a ce."

"Ke dai ba ki san mutunci ba," in ji shi, ya ɗauki bokitinsa.

Ba a daɗe ba Yuni ta same shi yana duba taya. Ta ce, "Amaq, na warke. Gobe in za ka sauka da kaya ka ajiye ni a Mataram."

Ya washe baki. "Ba na gaya miki ba? Gajiya ce!"

Inaq Yuni kuwa ta haɗa mata jaka tana share ido da bakin zane.

Suka kama hanya da mota cike da albasa. Da rana ta take suka tsaya a wurin cin abincin direbobi. Kafin su zauna wani abokinsa mai suna Jumahir, mutum mai tumbi da faɗin baki, ya miƙe yana tafi.

"Jama'a, yau hoto ya sauko daga mota! Baban Likita, ashe da gaske kana da 'ya? Mu mun ɗauka mai fenti ne ya ƙago ta."

"Rufe mana baki, kai da ɗanka ya maimaita aji har ya fi malamin tsayi."

"Ai gado ya yi. Likita, zo ki taimaki baffanki." Ya ɗaga riga ya nuna wani maruru a ƙarƙashin hammata. "Wannan ya hana ni juya sitiyari."

Yuni ta yi murmushin nan, ta duba, ta ce ya je a tsaga masa. Wani ma ya matso da nasa tarin. Ta ce tana zuwa, za ta wanke hannu.

Aka kawo shinkafa da gasasshiyar kaza da ganye mai barkono. Amaq Yuni ya jira. Kazar ta fara hucewa, shi kuwa ba ya son kaza mai sanyi, sai ya tashi ya je kiranta.

A bayan motar ya same ta. Tana tsugune a gindin ƙyaure, ta yi amai, ga gorar ruwa a hannunta tana ta fama da murfin. Ba kuka take yi ba. Numfashi take ja kamar wadda aka tsamo daga teku. A samanta kuwa ga Likita Mahyuni, ƙatuwa, kumatu cike, tana yi wa duniya murmushi.

Ya dubi ta sama, ya dubi ta ƙasa. Shekara da shekaru ta saman yake wankewa da sabulu duk Juma'a. Ta ƙasan ce ya haifa, kuma bai tuna ranar ƙarshe da ya dube ta da kyau ba.

Ya tsuguna ya karɓi gorar ya buɗe mata.

"Kin ce kin warke."

"A asibiti in aikina ya ƙare ana barina in kwanta, Amaq. A gida ba ya ƙarewa."

"Shi ya sa za ki koma?"

"Ina zan je?"

Ya jira ta sha ruwan, ya ce, "Shiga mota."

Ya juya kan motar. Jumahir ya fito da cinyar kaza a hannu yana ihu, "Kai, Mataram can ne!"

"Na san hanya tun kafin a yaye ka!"

A kasuwar farko ya tsaya ya sayi gwangwanin fenti da buroshi. Fentin bango ne, kore, bai ma dace da launin motar ba. A ƙofar gida ya hau benci ya shafe hoton da hannunsa, ya fara da rubutun. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, ba wanda ya tambaye shi.

Da safe rumfa ta cika kamar kullum. Tuan Haji a tsakiya, hannun riga a naɗe. Inaq Yuni ta ɗora ruwa, ta jera kofuna a faranti. Mijin ya ce mata, "Ajiye." Ya fita ya tsaya a gaban rumfar, bai hau ba.

"Jama'a, babu likita a gidan nan. Ƙarya na yi muku da na ce hutu aka ba su. Yuni ce a gida, ba ta da lafiya, ta bar karatu tana hutawa. Mai ciwo ga asibiti can bakin kasuwa."

Tuan Haji ya ce, "To mun ji, Allah ya ba ta lafiya. Ta auna ni kawai, ai ba noma na ce ta yi ba."

"Ba za ta fito ba, Yaya."

"To a kawo kofi mu sha."

Amaq Yuni ya san yayansa. In ya sha kofi yau, gobe zai dawo da hannun riga a naɗe, sauran kuma su biyo shi.

"Babu kofi. Ku sauka."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Ni kake cewa in sauka? Daga rumfar da ubanmu ya kafa?"

"Shi ya kafa, ni nake gyara rufinta. Sauka, Yaya."

Tuan Haji ya warware hannun rigarsa a hankali, ya sa maɓalli, ya sauko. Sauran suka bi shi, kowa na laluben takalminsa ba tare da ya dubi maigidan ba.

Ranar da hantsi Yuni ta fito ta ga rumfa ba kowa. Ta hau ta kwanta a kan gorar, ba matashi, ba komai. Ba ta farka ba sai bayan la'asar. Uwar ta zauna a gefe tana kore mata ƙuda da kaji.

A hankali abinci ya fara shiga. Ta koma taya uwar ƙulla albasa, tana bin ƙawayenta na da zuwa rafi. Rannan Amaq Yuni ya dawo ya ji dariya a kicin, ya tsaya a ƙofa don ya tabbatar ta wace ce. Ta 'yarsa ce. Ya ce alhamdulillahi a fili, ya maimaita. Yakan ce da kazar nan ba ta huce ba, da bai tashi ba, da ya kai yarinyar Mataram da hannunsa ya ajiye. Har yanzu in ya tuna sai ya gode wa Allah da ya yi shi mai ƙin kaza mai sanyi.

Wata yamma ta kawo kofi biyu ta zauna kusa da shi a rumfa.

"Amaq, har yanzu ban san ko zan koma ba."

"Na tambaye ki?"

"Na gode."

"Sha kofinki kafin ya huce."

Wani lokaci yakan gan ta da ɗaya daga manyan littattafan nan a cinya. Sai ya kau da kai ya wuce wurin mota. Direbobi sun sauya masa suna, yanzu Baban Bango suke ce masa saboda koren fentin. Wannan bai dame shi ba, yana da abin da zai mayar wa Jumahir kullum.

Gari ne bai yafe ba. Ana gaisawa a masallaci, amma ba wanda ya sake tuɓe takalmi a gaban rumfarsa. Da bikin ɗan Tuan Haji ya zo, mai kai gayyata ya shiga gidan dama, ya shiga gidan hagu, ya tsallake nasa. Motar da ta saba ɗauko itace da tukwanen kowane biki a garin, ba wanda ya neme ta. Ranar rakiyar ango Amaq Yuni yana zaune a rumfa da 'yarsa tana ɓare masa gyaɗa, manyan ganguna suka wuce ta ƙofar gidan, yayansa na gaba cikin farar hula. Ya miƙe tsaye ya ɗaga masa hannu. Tuan Haji bai waiwayo ba, kuma har yau bai sake yi masa magana ba.